Kuskure a gidan likita: mi ke kawo shi, kuma ƙaƙa ake kauce masa

Duk wanda ya kai marar lafiya gidan likita yana fatan ya koma gida da sauƙi. Sau da yawa haka ake yi. Amma akwai ranar da mutum kan shiga da ciwo ɗaya ya fito da biyu, ko ma ya rasa ransa, saboda an yi wani abu da bai kamata ba, ko an bar wani abu da ya kamata a yi. Daga nan ne ɓacin rai da zargi ke tasowa, wani lokaci har a kai ga alƙali.

Wannan bayani naku ne, ku da kuke zuwa gidan likita da kanku ko da iyalinku. Naku ne kuma idan kuna aikin ungozoma, ko aikin lafiya na ƙauye, ko kuna cikin kwamitin kula da gidan likita. Za ku ga cewa yawancin kurakuran ba daga mugunta suke fitowa ba. Suna fitowa daga maganar da ba a saurara ba, da tambayar da ba a yi ba, da ƙaramin aikin da aka tsallake don gaggawa. Shi ya sa ake iya kauce wa da yawa daga cikinsu.

Ba kowace mutuwa ce laifin likita ba

Ku fara da bambanta abubuwa uku.

Na farko, ciwon da ya fi ƙarfin magani. Likita ya yi duk abin da ilimi ya tanada, amma marar lafiya bai tashi ba. Nan babu laifi.

Na biyu, illar da aka san magani ko aiki yana iya kawowa ko da an yi shi daidai. Misali, wurin da aka yi tiyata yana iya yin ruwa duk da an kiyaye tsabta. Haƙƙin likita a nan shi ne ya faɗa muku tun kafin a fara, ya kuma lura da wuri in abin ya auku.

Na uku, sakaci. Wato likita ko ma'aikacin lafiya ya kasa yin abin da kowane ɗan'uwansa mai ilimi da natsuwa zai yi in yana wurinsa. Wannan shi ne abin da shari'a ke tuhuma.

Bambancin ba sabo ba ne. Malaman fiƙihu sun daɗe da raba tsakanin gwanin da ya yi aikinsa bisa ƙa'ida da wanda ya yi kuskure ko ya shiga aikin da bai sani ba. Ibn Rushd, malamin Andalus da ya rasu a 1198, ya kawo misalin mai kaciya da ya yanke fiye da ƙima, ya nuna cewa akwai diyya a kan irin wannan kuskure. A Faransa kuma, babbar kotun ƙasar ta yanke wani hukunci a 1936 wanda ya zama ginshiƙi: likita bai ɗauki alkawarin warkarwa ba, amma wajibi ne ya kula da marar lafiya da natsuwa da tsoron amana, bisa ilimin da ake da shi a lokacin.

Saboda haka alƙali yakan duba abubuwa uku kafin ya ɗora wa likita alhaki: an yi kuskure, an samu cuta, kuma kuskuren ne ya jawo cutar. In ɗaya ya ɓace, ƙara ba ta tsayawa.

Girman matsalar

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 10 na masu neman magani yana samun wata cuta a wajen jinya, kuma fiye da mutum miliyon 3 ke mutuwa kowace shekara a duniya saboda jinyar da ba a kiyaye ba. Hukumar ta ce fiye da rabin wannan cuta ana iya hana ta, kuma rabin wadda ake iya hanawa daga magunguna take.

Kada ku ɗauka matsalar ƙasashe matalauta ce kaɗai. A 1999 wani babban rahoto a Amurka ya ƙiyasta cewa tsakanin mutum 44,000 da 98,000 ne ke mutuwa kowace shekara a asibitocin ƙasar saboda kuskure. Tun 2019 aka ware ranar 17 ga watan Satumba ta zama ranar kiyaye lafiyar majinyata a duniya.

Kurakuran da suka fi jawo ƙara

*1. Rashin gane ciwo, ko gane shi a makare.* Wannan yana cikin manyan dalilan ƙara ko'ina. A ƙasarmu ya fi zuwa ta hanyar zazzaɓi. Da damina, jikin kowane yaro in ya yi zafi sai a ce cizon sauro ne. Amma sanƙarau, da ciwon haƙarƙari, da zazzaɓin hanji duk da zafin jiki suke farawa. Tun 2010 OMS ta ce a auna jini kafin a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro. Awon na ɗan yatsa ne, kuma cikin minti 15 zuwa 20 ake ganin sakamako. In awo ya nuna babu, sai a nemi wani dalili. In ma ya nuna akwai, amma wuyan yaro ya ƙage, ko yana numfashi da sauri, ko yana suma, ba a tsaya nan ba, domin ciwo biyu suna iya haɗuwa a jiki ɗaya.

*2. Kuskuren magani.* Ana iya ba da maganin da ba shi ne ba, ko a ba da shi fiye da ƙima, ko a ba wanda ba shi ne mai shi ba. Maganin yara da nauyinsu ake auna shi, don haka yaron da ba a ɗora a sikeli ba an yi masa ƙiyasi ne kawai. Akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar penisilin ko kotirimokzazol: sai fata ta yi ƙuraje, baki ya kumbura, wani har numfashi ya sarƙe. Akwai maganin da ba a ba mai ciki ko yaro ƙasa da shekara 8, kamar tetirasikilin. Rubutun likita da ba ya karantuwa a kan ordinansi shi ma yana sa mai sayar da magani ya ba da wani abu dabam.

*3. Allura.* Akwai wata babbar jijiya da ke saukowa daga kwankwaso ta bi ɗuwawu zuwa ƙafa. In allura ta same ta, ƙafa tana iya shanyewa. An ga yara da yawa a Afirka ta Yamma da suka gurgunce haka, musamman bayan allurar kinin. Shi ya sa ake koya wa ma'aikata su yi allura a sashen sama na ɗuwawu ta gefen waje, ga ƙananan yara kuma a cinya. Tun 2011 OMS ta fifita artesunat a kan kinin wajen zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Ku sani kuma allura ba ta fi ƙwaya ƙarfi a kowane ciwo ba. In marar lafiya yana iya haɗiya, sau da yawa ƙwaya ta isa.

*4. Rashin tsabta.* A 1847, a birnin Biyana, wani likita mai suna Semmelweis ya lura cewa mata masu jego suna mutuwa da yawa a sashen da likitoci ke zuwa daga ɗakin gawa su taɓa su. Ya tilasta wanke hannu da ruwan kulorin. Mace-mace suka sauko daga kusan 18 cikin 100 zuwa kusan 2 cikin 100 a ƴan watanni. A Masar kuma, daga shekarun 1950 zuwa na 1980, an yi wa jama'a allurar maganin tsargiya da sirinjin da ake maimaitawa ba a dafa shi sosai ba. Ta haka ciwon hanta nau'in C ya bazu, har binciken 2008 ya samu kusan mutum 1 cikin 10 na manyan ƙasar yana ɗauke da shi. Sai da aka yi shekaru ana awo da magani kafin a shawo kansa. Darasin ɗaya ne: hannu wankakke, allura sabuwa ga kowane mutum.

*5. Haihuwa.* Ƙarar da ta shafi haihuwa ta fi kowace zafi, domin rai biyu ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne jinkiri: a bar mace tana naƙuda awa da awa ba a lura cewa ɗa ba ya saukowa ba, ba a kuma tura ta inda ake tiyata ba. Ƙarshen haka shi ne mutuwar jariri, ko fashewar mahaifa, ko yoyon fitsari. Akwai takarda ta musamman da ungozomar asibiti ke cikawa don bin tafiyar naƙuda, kuma ita ke nuna lokacin da ya kamata a ɗauki mataki. Bayan haihuwa, zubar jini ita ce kan gaba wajen kashe mata a duniya. Jinin da ya kai rabin lita alama ce ta haɗari, kuma ido yakan raina shi. Mai jego tana bukatar a riƙa duba ta a kai a kai, musamman a awa 2 na farko, kuma ta kwana a gidan likita kafin a sallame ta.

*6. Tiyata.* An taɓa yi wa mutane aiki a gefen da ba shi ne ke ciwo ba. An taɓa manta ƙyalle ko almakashi a cikin ciki. An taɓa ƙara wa mutum jinin da bai dace da nasa ba. Waɗannan ba su faye aukuwa ba, amma in sun auku babu uzuri, domin ƙirga da tambaya sun isa su hana su.

*7. Yin aiki ba da yardar mai jiki ba.* Kafin tiyata, ko ƙarin jini, ko gwajin sabon magani, wajibi ne a yi muku bayani da harshen da kuke ji, ku yarda. Dangwala yatsa a takardar da ba a karanta muku ba ba yarda ba ce. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani mai suna Trovan a Kano. Yara 200 ne suka shiga gwajin, rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wani da aka sani. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a faɗa musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta laifi, ya ce sanƙarau ne ya kashe yaran. Shari'a ta ja shekaru, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar Kano a kan dalar Amurka miliyon 75. Rashin yarda da wannan al'amari ya shuka ya daɗe a zukatan mutane fiye da shari'ar kanta.

Mi ke sa mutane kai ƙara?

Kuna iya zaton kuɗi ne. Bincike ya nuna abin ya fi haka. A 1994 an tambayi mutum 227 a Ingila waɗanda suka kai ƙarar likitoci ko asibitoci. Dalilansu sun kasu huɗu: suna son kada abin ya sake samun wani, suna son a bayyana musu abin da ya faru, suna son diyyar asarar da suka yi, suna kuma son wani ya amsa alhaki. Da yawa sun ce abin da ya fi yi musu ciwo shi ne yadda aka bi da su bayan abin ya auku.

A Amurka, wani bincike na 1984 ya samu cewa likitoci kan katse marar lafiya bayan daƙiƙa 18 kacal da fara magana. Wani na 1997 ya kwatanta likitocin da aka taɓa kai ƙararsu da waɗanda ba a taɓa ba. Waɗanda ba a taɓa kai ƙararsu ba sukan zauna da mutum kusan minti 18, sauran kuwa minti 15. Bambancin minti 3 ne. Amma a cikinsa suna faɗa wa mutum abin da za su yi masa, suna barinsa ya yi magana, suna tambaya ko ya gane.

Kun san wannan da kanku. Mutum yakan yafe wa wanda ya girmama shi ko da ya yi kuskure. Wanda aka yi wa tsawa a bakin ƙofa, aka ƙi duban fuskarsa, shi ne ke riƙe abin a zuciya.

Abin da likita da ma'aikacin lafiya za su yi

In kuna aikin lafiya, ko kuna da ɗa ko ƙane mai yinsa, ga abubuwan da ke rage haɗari.

1. Ku saurara har mutum ya gama. Mutanenmu sukan fara da gaisuwa da ƙananan koke, sai a ƙarshe su faɗi abin da ya kawo su. Mace tana iya jin kunyar faɗin ciwonta gaban mijinta ko surukarta. Ku ba ta dama ta yi magana ita kaɗai.

2. Ku taɓa jiki, ku auna. Zafin jiki, nauyi, bugun jini da numfashi ba a ƙiyasta su da ido.

3. Ku tabbatar da mai magani. A ɗaki ɗaya ana iya samun mutum uku masu suna ɗaya. Ku tambayi suna, da sunan uba, da gari, kafin kowace allura da kowane ƙarin jini.

4. Ku yi tambayoyi uku kafin rubuta magani: Akwai maganin da jikinku ba ya karɓa? Kuna shan wani magani yanzu, na asibiti ko na gargajiya? Akwai ciki, ko ana shayarwa?

5. Ku rubuta. Abin da kuka gani, da abin da kuka ba da, da lokacin da kuka ba da shi, duk su shiga rajista da karne. Rubutu shi ne ke gaya wa mai karɓar aiki da dare abin da aka yi da rana. Shi ne kuma shaidarku gaban alƙali. Kada ku goge ko ku canza rubutu bayan abu ya ɓaci, domin wannan ya fi kuskuren farko muni.

6. Ku san iyakarku. Gidan likita na ƙauye yana tura wa CSI, CSI yana tura wa asibitin gunduma, shi kuma yana tura wa manyan asibitoci na Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai. Tura marar lafiya da wuri ba gazawa ba ce. Ku haɗa shi da takardar da ta faɗi abin da aka riga aka yi masa.

7. Ku yi aiki da takardar tuni. A 2008 OMS ta fitar da wata takarda mai tambayoyi 19 da ake karantawa da ƙarfi a ɗakin tiyata sau uku: kafin a sa mutum barci, kafin a yanka, da kafin a fitar da shi. Ana tambayar sunansa, da wurin da za a yi aiki, da ko an ƙirga ƙyallaye da kayan aiki. An gwada ta a asibitoci 8 na ƙasashe 8, har da wani asibitin karkara a Ifakara ta Tanzaniya. Mace-mace bayan tiyata suka sauko daga 1.5 zuwa 0.8 cikin 100. Takarda ce kawai, ba ta bukatar lantarki.

8. Ku bar na ƙasa da ku ya yi magana. Sau da yawa mai jinya ko mai shara ne ke fara ganin abin da ya kauce. In yana tsoron faɗa, kuskuren zai wuce har ya kai ga marar lafiya.

9. Ku sa mutum ya maimaita bayaninku. Tambayar "Kun gane?" kullum "I" ake amsa ta, don ladabi. Ku ce: "Ku faɗa mini yadda za ku ba shi maganin in kun je gida."

10. In kuskure ya auku, ku faɗi gaskiya. Tun 2001 asibitin jami'ar Mishigan a Amurka ya ɗauki tsarin gaya wa majinyata kuskure, da neman gafara, da biyan diyya in laifin asibiti ne. Mutane sun yi zaton ƙara za ta ƙaru. Binciken da aka buga a 2010 ya nuna shari'o'in da ake kai asibitin sun ragu da fiye da rabi.

Gaskiya ne cewa ma'aikaci ɗaya da ke duba mutane masu yawa daga safe zuwa dare, ba isasshen kayan aiki, ya fi kusa da kuskure. Gajiya da yunwa da rashin barci suna rage natsuwa. Wannan nauyi ne a kan hukuma da kwamitin kula da gidan likita. Bai kamata a bar shi a wuyan mutum ɗaya ba.

Abin da ku za ku yi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Likita ya san magani, ku kuka san jikinku da na ƴaƴanku.

1. Ku je da wuri. Ciwon kwana ɗaya ya fi sauƙin ganewa da magani bisa ga na kwana bakwai.

2. Ku faɗi komi. In kun sha saiwa, ko jiƙo, ko ƙwayar da kuka saya a kasuwa, ku faɗa. In wanzami ya yi tsaga ko ya cire beli, ku faɗa. Likita ba alƙali ba ne, kuma abin da kuka ɓoye masa yana iya karo da maganin da zai ba ku.

3. Ku riƙe karne, ku zo da shi kowane zuwa. In wani magani ya taɓa yi muku illa, ku sa a rubuta sunansa a shafin farko. Ku zo da kwalayen magungunan da kuke sha.

4. Ku yi tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Tambayoyi huɗu sun isa: Mi ke damuna? Mi ne ne sunan wannan magani? Sau nawa zan sha, har kwana nawa? Wace alama ce in na gani in dawo nan da nan?

5. Ku yi amfani da karatunku. Ku duba ko sunanku ne a kan ordinansi. Ku gwada sunan da ke takarda da wanda ke jikin kwali, harafi da harafi. Ku duba wata da shekarar da magani zai lalace. In karatun bai kai nan ba tukuna, ku roƙi a zana muku alama: rana tana fitowa, rana tsaka, rana ta faɗi, da yawan ƙwaya a ƙarƙashin kowace.

6. Ku ga an buɗe allura sabuwa a gabanku. Kada ku matsa wa likita ya yi muku allura ko ƙarin ruwa in ya ce ƙwaya ta isa.

7. Ku je da ɗan rakiya mai natsuwa. In ba ku jin harshen likita, ku nemi mai fassara wanda kuka amince da shi.

8. Kada ku sa hannu ko ku dangwala yatsa sai an karanta muku, kun gane. Kuna da ikon tambayar mi zai faru in an yi aikin, da mi zai faru in ba a yi ba.

9. In an tura ku babban asibiti, ku tafi. Maigida, kada ka jira sai an tara dangi an yi shawara alhali matarka tana zubar da jini. Ku tanadi kuɗin mota da wanda zai ba da jini tun ciki yana wata bakwai.

10. In jiki ya ƙi sauƙi bayan kwana biyu, ko ya ƙara tsanani, ku koma. Komawa ba raina likita ba ne. Ciwo yakan nuna fuskarsa ta gaskiya daga baya.

In kuna zaton an yi muku kuskure

Abu na farko shi ne ceton marar lafiya. Ku nemi a duba shi nan da nan, ko ku kai shi wani asibiti.

Bayan haka ku adana komi: karne, ordinansi, rasit, kwalayen magani, takardun awo. Ku rubuta rana da lokaci da abin da ya faru tun ba ku manta ba. In ba ku iya ba, ku sa wani ya rubuta muku.

Ku nemi ganin shugaban gidan likitan, ku tafi da dattijo ɗaya ko biyu. Ku tambaya cikin natsuwa mi ya faru. Sau da yawa bayani yana warware zargi, domin ana iya samun cewa ciwon ne ya yi ƙarfi. In ba ku gamsu ba, ku kai kuka ga kwamitin kula da gidan likita, ko ga babban likitan gunduma, ko ga hukumar asibitin. Akwai kuma majalisar likitoci ta ƙasa, wadda ke da ikon ladabtar da likitan da ya saɓa ƙa'idar aikinsa.

Hanya ta ƙarshe ita ce shari'a. Dokar ƙasa tana hukunta wanda ya kashe ko ya raunata mutum ta hanyar sakaci ko ganganci, ko da bai yi niyya ba. Alƙali yakan nemi ra'ayin wani likita gwani kafin ya yanke hukunci, kuma shari'ar tana ɗaukar lokaci. Wanda ba shi da ƙarfin ɗaukar lauya yana iya tambaya a gidan shari'a game da taimakon da doka ta tanada wa marasa ƙarfi.

Abu biyu ne za ku kiyaye. Kada ku zagi ma'aikaci ko ku kai masa hannu. Wannan laifi ne, kuma yana korar ma'aikata daga garin da ke bukatarsu. Kada kuma ku yi shiru ku ce ƙaddara ce kawai. Yarda da ƙaddara ba ta hana tambaya. In ba a san inda kuskure ya shigo ba, gobe zai samu ɗan maƙwabcinku. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

A riƙe

- Ba kowace mutuwa ce laifin likita ba, amma sakaci laifi ne.
- Kuskure ya fi aukuwa wajen gane ciwo, da magani, da allura, da haihuwa, da tiyata.
- Likita ya saurara, ya auna, ya rubuta, ya tura da wuri, ya faɗi gaskiya.
- Marar lafiya ya zo da wuri, ya faɗi komi, ya yi tambaya, ya riƙe karne.
- Ba a yi muku aiki sai da bayani da yardarku.
- In abu ya ɓaci, ku adana takardu, ku nemi bayani, ku bi hanyar doka.

Zuwa na gaba da za ku yi gidan likita, ku ɗauki karne, ku tuna tambayoyi huɗun nan, kuma kada ku fita sai kun ji amsarsu.